Baba Fasto, kujerar nan aro ce

 Yau maganar gidanmu zan yi, mu Kiristoci. Ƴan uwa Musulmi, na san ku ne mafiya yawa a nan, kuma ban ce ku kauce ba. Ku zauna ku ji, don in hayaniya ta tashi gidan maƙwabci, gara a ji dalilinta daga bakin ɗan gida da a tsince shi a bakin kasuwa. Ni da ke wanga rubutu ɗan ikilisiya ne, cikinta aka haife ni, cikinta na yi aure, kuma na daɗe ina riƙe da kayen da ake rubuta baiko a ciki. Abin da zan faɗa da idona na gan shi, kuma har da laifina a ciki.

Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada aka ce membobi su tsaya, akwai taro. Ba zan faɗi sunan ikilisiyar ba, ba kuma zan faɗi garin ba, don ba mutum guda nake nufi da wagga magana ba. Ana cikin sanarwa sai wata tsohuwa ta ɗaga hannu. Mai ƙuli-ƙuli ce, gwauruwa, wadda duk Lahadi take kwance bakin zanenta ta fiddo dala ashirin ta jefa cikin kwando. Ta miƙe da ƙyar ta ce:

"Baba Fasto, ku yi haƙuri da tsohuwa. Kuɗin kwanon rufin nan da muke zubawa, yau damana uku ke nan, nawa suka kai? Don har yanzu in ruwa ya zo, gefenmu na mata yake zuba."

Fasto ya yi murmushi ya ce, "Mama, da kika ba da kuɗin nan, ni kika ba ko Allah?"

Ta ce, "Allah na ba, Baba."

Ya ce, "To ki bar Allah ya yi lissafin kayansa."

Aka yi dariya, wasu har da tafi. Tsohuwa ta koma ta zauna, ta ja gyalenta ta rufe rabin huska. Lahadin da ta biyo baya, wa'azin daga farko har ƙarshe a kan Kora ne da mutanensa, waɗanda suka tayar wa Musa har ƙasa ta haɗiye su. Ba a ambaci sunan kowa ba, amma ko yaro ya san inda kibiyar ta nufa.

Ni kuwa ranar taron ina zaune a bencin gaba, kaye bisa cinyata, bakina gum. Mi ya hana ni magana? Ni ma ban san nawa kuɗin suka kai ba. Kwandon baiko ofishi yake shiga a rufe ƙofa, daga baya a faɗa mini adadi in rubuta in sa hannu. Sunana ma'aji, amma ban taɓa ajiye komi ba sai bik da kaye. Wannan shirun nawa shi ke cina har yau, shi ya sa na zauna rubutu.

Maganar tawa guda ce. Shugabancin ikilisiya riƙon amana ne. Kujerar aro ce, kuɗin na jama'a ne, mutanen kuma na Allah ne. Fasto ne, ko dattijo, ko shugabar zumuntar mata, ko shugaban matasa, duk wanda aka ɗora bisa wani aiki jiran gida aka ba shi. Mai jiran gida kuwa dole ya yarda a tambaye shi, dole kuma ya san akwai ranar miƙa makulli. Duk shugaban da tambaya ke ɓata wa rai, ko wanda ba ya ko tunanin sauka, ya riga ya maida aikin Allah sarauta, ko da bai taɓa cin dalar kowa ba.

Kada wani ya ce na yi wa fastoci kuɗin goro. Na san masu gaskiya cikinsu, da yawa ma. Na san wanda ya saida akuyar matarsa ya kai ɗan wani memba asibiti. Na san wanda ke tashi tsakar dare ya hau tsohon babur ya tahi zaman makoki ƙauye. Irin waɗanga su ne tsarin da nake kuka da shi ya fi cuta, don in ba a ƙirga kuɗi a hili, mai gaskiya da maci amana kama ɗaya suke yi a idon jama'a.

Mu fara da kuɗin, tunda nan ne ake ce maka in ka yi tambaya ka rasa bangaskiya. Wanda ya koya mana haka bai karanta mana Littafi Mai Tsarkin duka ba. Ku buɗe Sarakuna na biyu sura 12. Zamanin sarki Yowash an yi shekaru kuɗin gyaran Haikali na shiga hannun firistoci, gyara kuwa bai yiwu ba, kamar dai kwanon rufinmu. Sarki ya kira su ya tambaye su dalili. Daga nan aka samo akwati aka huda murfinsa, kuɗi na shiga ciki, in ya cika magatakardan sarki da babban firist su zo tare su ƙirga, sannan a miƙa wa masu lura da aikin. Mutum biyu, daga ɓangare biyu, kowane na ganin hannun ɗan'uwansa. Na san wani masani zai ce ai surar ta nuna ba a nemi lissafi daga masu biyan ma'aikata ba saboda amincinsu. Haka ne. Amma kuɗin an ƙirga su kafin a ba su, kuma aikin ana ganinsa da ido, magina da masassaƙa na kai. Mu namu ba a ƙirga gabanmu ba, rufin kuma na nan yana yoyo.

Ku duba manzo Bulus. Lokacin da ya tara gudunmawar ikilisiyoyi domin matalautan Urushalima, bai ɗaure jakar a ƙugunsa ya ce a dogara ga Allah ba. Korintiyawa ta biyu sura 8 ta nuna akwai ɗan'uwan da ikilisiyoyi da kansu suka zaɓa ya raka kuɗin, domin kada a samu abin zargi. Wanene cikin fastocinmu ya fi Bulus? Ku duba kuma Ayyukan Manzanni sura 6. Gunaguni ya tashi cewa ana tsallake gwaurayen wani ɓangare wajen rabon abinci. Manzanni ba su hau mumbari sun kira masu kukan ƴan tawaye ba. Sun tara jama'a, jama'a suka zaɓi mutum bakwai, cikinsu har da Istifanas, aka damƙa musu aikin rabo, manzanni suka koma ga addu'a da wa'azi. Ashe kukan gwauruwa ne ya kawo gyara a ikilisiyar farko. A tamu ikilisiyar, gwauruwa ta yi kuka muka yi mata dariya.

Akwai ayar nan ta Zabura da ke hana taɓa shafaffun Allah, wadda ta zama garkuwa a bakin wasu shugabanni. Da ka buɗe baki sai a jefo maka ita. To Dauda shafaffe ne, amma annabi Natan ya same shi har fada ya faɗa masa laifinsa. Bitrus manzo ne, amma Bulus ya tsawata masa gaban jama'a a Antakiya. Tambayar lissafi ba duka ba ce, ba zagi ba ce. Wanda Littafi ya yi tir da shi ma shi ne irin Diyotarifis na wasiƙar Yohanna ta uku, mai son zama kan gaba, wanda ke korar mutane daga ikilisiya in sun saɓa masa.

Ko a wajen hukuma maganar ke nan. Duk ƙungiyar addinin da ke aiki bisa ƙa'ida a Nijar sai ta yi rijista wajen ma'aikatar cikin gida, kuma tun dokar ƙungiyoyi ta 1984 ana ajiye takardun tsarin ƙungiya, abin da muke ce ma statu. A irin waɗanga takardu ne ake rubuta yadda ake zaɓen shugabanni, da aikin ma'aji, da babban taron membobi. Ina tambayarku, ku da kuka shekara ashirin kuna zuwa sujada: wa ya taɓa ganin statun ikilisiyarsa? Wa aka taɓa karanta ma shi da Hausa? Takarda tana can cikin durowa da Faransanci, ana fiddo ta in za a je wajen magabata ko wajen masu ba da tallafi, mu kuma da aka rubuta ta da sunanmu ba mu san abin da ke ciki ba.

Sai maganar kujera. A wasu wurare mutum zai hau shugabanci yana da baƙin gashi, har furfura ta cika kai, har ido ya daina ganin rubutu, ba a taɓa zaman sake zaɓe ba. In wa'adi ya cika sai a ce ba a samu kuɗin taro ba, ko a ce bana lokacin addu'a ne. Matasan da suka gama makarantar Littafi Mai Tsarki suna zaune suna jira, aikinsu ɗaukar jaka da gyara makirfo. Wanda ya fi hazaƙa cikinsu shi ake fara jin tsoro, a tura shi can ƙauyen da ko mota ba ta zuwa. In ya gaji sai ya ɗebi mutum talatin ya kama hayar wani kango ya liƙa allo, an samu sabuwar ikilisiya. Shi ma bayan shekara goma ya zama abin da ya gudu.

Ƴan uwanmu Katolika suna da nasu matsalolin, amma a wanga wuri akwai abin koyi. Dokarsu ta ce bishop in ya kai shekara 75 ya miƙa takardar sauka. Fada kuma ana ɗauke shi daga wannan gari a kai shi wancan, ba ya cewa nan ne gadona. A shekarar 2013 Paparoma Benedict na 16 da kansa ya ce ƙarfinsa ya ƙare, ya sauka. Mutumin da ke shugabantar jama'a fiye da biliyan ɗaya ya ajiye kujera, mu kuma mai mutum ɗari da hamsin ya ce in ya tashi rufin zai faɗo.

Daga kujera sai gado. Uba na tsufa sai ka ga an fara gyara wa ɗa wuri: yau shi ke jagorar waƙa, gobe shi ke mataimaki, jibi an naɗa. Matar fasto ce shugabar mata har abada, ƙanensa ne ma'aji, surukinsa ne sakatare. Kwamitin ikilisiya ya koma taron dangi. Ban ce ɗan fasto ba shi da ikon zama fasto ba. In yana da kira, ya yi karatun, jama'a suka gwada halinsa suka zaɓe shi kamar kowa, madalla. Amma jini kaɗai ba ya naɗa mutum. Musa yana da ɗiya, amma Joshuwa ɗan Nun ya miƙa wa aiki. Ɗiyan Eli sun gaji aikin firist suka riƙa wawurar naman hadaya, ɗiyan Sama'ila kuma aka sa su alƙalanci suka ci hanci. In gidan annabi bai tsira ba, don mi muke zaton namu zai tsira?

Mafi haɗari shi ne takardar hili. Jama'a su tara kuɗi a sayi hili, mata su ɗebo ruwa, samari su buga bulo, amma takarda ta fito da sunan mutum guda. Yana raye ba wanda ke damuwa. Ranar da ya kwanta dama, magada su zo da takarda a hannu, kuma a gaban alƙali takarda ce ke magana, zufar da kuka zubar ba ta da baki. Duk wanda ke karanta wanga rubutu ya je ya tambaya: hilin majami'armu da sunan wa yake? In aka ce maka tambayar rashin ladabi ce, to ka samu amsarka.

Wagga cuta ba yau ta fara ba. Mishan ta SIM ta fara aiki a Damagaram a 1924, daga baya ta zauna Tsibiri kusa da Maraɗi, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, da wurin jinyar kuturta a Danja. Sun yi aikin da har yau Musulmi da Kirista ke cin moriyarsa, ba mai musu. Amma ku zauna da tsofaffinmu ku ji kukansu na wancan zamani: jaka hannun Bature, shawara hannun Bature, ɗan ƙasa sai dai a aike shi. Da ƴancin kai ya zo, ikilisiya ta tsaya da sunanta, EERN. Wajen shekarar 1990 kuma gidan ya dare, aka samu UEEPN da ikilisiyar Salama. Tushe guda, Littafi guda, waƙoƙi guda, wasu ma dangin juna ne na jini. Kowa ya san mutanen da ke karanta Littafi guda ba sa raba gari sai maganar jagoranci ta shiga tsakani. Abin da ke ba ni takaici shi ne mun karɓi makulli daga hannun baƙo, muka gaji har da halin rufe ƙofa. Abin da iyayenmu suka yi kuka da shi, shi wasunmu ke yi wa ɗiyansu yau.

Yanzu bari in juyo kanmu, mu membobi, don in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne muke maida fasto sarki. Mu ke durƙuso, mu ke kirari, mu ke ɗinka anko na bikin cikar shekarunsa alhali asusun gwauraye babu ko dala. Mun fi son wanda zai ce mana bana za ka sayi mota da wanda zai ce mana ka biya bashin da ke kanka. Kuma mu ne dai muke barin na ƙauye da yunwa.

Ku tahi ƙauyukan jahar Maraɗi ko na Tawa ku ga mai bishara. Ɗaki guda na laka, benci huɗu, gonar aro. Tun watan Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne a wata. Akwai mai bisharar da na sani, abin da ake ba shi bai kai rabin haka ba, shi ma sai an yi wata biyu ko uku bai zo ba. Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023 cimaka ta yi tsada, tiyar hatsi ta gagari talaka, ba wanda ya tuna da shi. Matarsa ta kwanta ciwo, ya zo birni da ardanansi a aljihu yana bin ofishi-ofishi, ana ce masa ya dawo gobe, shugaba na taro. Wanga mutum shi ne ke riƙe da aikin a inda ba tafi ba hoto. In akwai kuɗin esansin manyan motoci da na tafiye-tafiye, ya aka yi babu na maganin matarsa? Ba za mu san amsa ba sai an buɗe kaye.

Akwai kuma gaskiyar da ba mu son faɗa. Da yawa cikin tsofaffin da suka manne wa kujera, tsoro ne ke riƙe da su. Mutum ya ba da ƙuruciyarsa duka, gidan da yake ciki na ikilisiya ne, ba a taɓa zuba masa kuɗin ritaya ba, ba shi da gona ba shi da shago. In ya sauka yau, ina zai kwana gobe? Mi zai ci? Shi ya sa yake son ɗansa ya hau, don tukunyar gidan kada ta mutu. Mun ƙi yi masa tanadi, sannan muna mamakin ya ƙi tashi. Littafi ya nuna ma'aikaci ya cancanci ladansa, kuma ladan ba ya ƙarewa ranar da ƙafa ta gaza hawa mumbari. In muna son su sauka da mutunci, sai mu gyara musu wurin sauka.

Manoman Maraɗi sun san wani darasi da ya kamata shugabanninmu su ɗauka. A shekarun 1980, lokacin da dashen itatuwa ke ta mutuwa, wani ma'aikacin SIM mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kututturan da ke cikin gonaki da ransu, saiwarsu na ƙasa. Abin da suke buƙata a daina sare tohonsu duk shekara, a zaɓi masu ƙarfi a gyara su a bar su su tashi. Shi ne manoma ke kira sassaben zamani, kuma da shi gonaki da yawa suka sake samun inuwa. Ikilisiyarmu cike take da irin wanga toho: malaman lakkol, ma'aikatan lahiya, ƴan kasuwa masu iya lissafi, mata masu hankali da suka riƙe adashi shekara da shekaru ba a taɓa jin kansu ba. Shugaban kirki gyara su yake ya bar su su girma. Wanda ke sare duk tohon da ya ɗago kai, ranar da ya faɗi sai a tarar gonar fayau.

Na san abin da za a ce mini, don an riga an faɗa mini a gida. Za a ce, mu ƴan kaɗan ne, ƙidayar 2012 ta nuna ba mu kai ko kashi 1 cikin 100 ba, don mi za ka tona mana asiri gaban jama'a? Za a tuna mini Nuwamban 2000, lokacin tarzomar FIMA, da aka ƙone majami'ar Vie Abondante a Maraɗi. Za a tuna mini 16 da 17 ga Janairun 2015, Damagaram da Yamai, da aka rasa rayuka 10, aka ƙone majami'u 45 a Yamai kaɗai bisa ƙidayar ƴan sanda. Za a tuna mini Yunin 2019 da majami'ar unguwar Zariya a Maraɗi. Ban manta ko ɗaya ba. Ban kuma manta Musulmin da suka buɗe ƙofofinsu suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a waɗancan ranaku ba, Allah ya saka musu.

Amma ku duba da kyau. Majami'ar da wuta ta ci, an share toka an yi sujada cikin kango, daga baya an sake gini. Wadda rikicin kuɗi da kujera ya ci kuwa, har yau akwai ƴan uwan da ba sa gaisawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙarancinmu ma shi ne dalilin da ya sa ba mu da halin wasa da amana. A garin da kowa ya san kowa, abin da maƙwabci zai sani game da addininmu shi ne halinmu. In fasto ya ci bashin mai siminti ya ƙi biya, duk unguwa ta ji wa'azin da ya fi na Lahadi ƙarfi. Asirin da kuke cewa a rufe, mai shago ya san shi, mai kabu-kabu ya san shi, mu kaɗai ne ke yi kamar ba mu sani ba. Gyara kayanka kuwa bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Ga abin da nake roƙo, kuma babu wanda ke buƙatar tallafin waje kafin a yi shi.

Na ɗaya, a ƙirga baiko da zakka nan take bayan sujada, mutum biyu ko uku waɗanda ba dangin fasto ba, a riƙa canza su, su sa hannu. Fasto ya cire hannunsa daga jaka, don kare mutuncinsa ne.

Na biyu, duk wata uku a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita gaban membobi, da Hausa, da Zabarmanci inda ake jin sa, a liƙa takardar a bango. Kuɗin da ya zo daga waje ma a faɗi nawa ne, don mi aka aiko shi, ina ya shiga.

Na uku, kowace kujera ta samu wa'adi a rubuce, a kuma yi zaɓe ranar da aka sa, ko da ƙarƙashin itace ne. A fiddo statu a fassara shi a karanta.

Na huɗu, takardar hili da asusun banki su kasance da sunan ikilisiya, kuma kada kuɗi su fita sai da sa hannun mutum biyu.

Na biyar, kafin a sayi mota ko a yi wani biki, a fara biyan masu bishara na ƙauye haƙƙinsu kan lokaci, a buɗe asusun tsufa da na jinya ga duk ma'aikaci da gwauruwarsa.

Na shida, a bar ƙofar ƙorafi a buɗe, amma da ƙa'ida. Wasiƙar Timoti ta fari ta nuna ba a karɓar ƙara kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku. Wanga ya kare fasto daga masu sharri, ya kuma nuna cewa in shaidu sun samu, ana karɓar ƙarar. Kada mumbari ya zama wurin ramuwa, inda mutum guda ke da makirfo wanda ake nufi kuma ba shi da damar amsawa.

Baba Fasto, ku gafarce ni in harshena ya yi kaifi. Ku kuka ɗaura mana aure, ku kuka binne iyayenmu, ba mu manta ba. Amma Ubangijin da kuke mana wa'azinsa, a daren da za a bashe shi, tawul ya ɗaura ya durƙusa ya wanke ƙafafun almajiransa. Wanda ke bin wanga Ubangiji bai kamata tambayar tsohuwa ta fi ƙarfinsa ba. In hannunku tsab yake, buɗe kaye ƙara muku daraja zai yi. In kuwa akwai kuskure, gara a gyara shi yanzu kuna da rai, da a bar wa ɗiyanku shari'a.

Ku kuma ƴan uwana ma'ajiya da sakatarori da dattawa, masu sa hannu kan abin da ba ku gani ba, ni na yi irin naku kuma ban ji daɗinsa ba. Daga baya na ajiye kayen, na tahi gidan tsohuwar nan na same ta tana tuya. Na durƙusa na ce, "Inna, ki yafe mini, ranar nan ya kamata in tashi in tsaya miki." Ta dube ni ta ce, "Ɗana, ni ban ce an ci ba. Tambaya na yi." Har yau tana zuwa sujada, tana zama can baya inda ruwan ke zuba, tana kwance bakin zanenta ta fiddo dala ashirin ɗinta. Ba a ba ta amsa ba tukuna. Lahadi mai zuwa in aka ce akwai mai tambaya, wani cikinmu ya tashi ya maimaita tata, cikin ladabi, kuma kada ya zauna sai an faɗi adadi.

Allah ya ba mu shugabanni masu tsoronsa, ya ba ƙasarmu Nijar zaman lahiya.